Ni da Iyalan Mai Ƙararrawar Dijon

Ko tsufa ya sa na manta lambar gidanmu, ba na jin zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a shekarar 2014, a unguwar Mohandessin ta birnin Alƙahira. A ranar ce na tsaya gaban mutane cike da ɗaki, sanye da sabon kaftani, na shaida musu da bakina cewa na taɓa cin abincin rana a gidan wasu bayin Allah. Za ka ce to mene ne abin kunya a cin abinci? Yi haƙuri, bari in ɗauko maka zancen daga tushe.

A lokacin ina shekara ta uku a jami'a, ina karanta Shari'a. Muna zaune a hawa na biyar na wani bene a unguwar Hay el-Sabi', ni da abokina Laminu, mutumin Damagaram. Laminu yana jin Faransanci kamar ruwa, har ya taɓa yin aikin tafinta a wani kamfani da ke kula da marasa lafiya masu zuwa asibitocin Masar daga Nijar da Chadi. Rubutun digirinsa na biyu ne ya sa ya ajiye aikin. Shi ya fara sa min abin a rai.

"Ustaz, kana da Hausa, kana da Larabci, kana da Ingilishi. Ƙara Faransanci kawai, wallahi da gudu za su ɗauke ka."

Ina son aikin nan sosai. Ba don komai ba sai don in daina buga waya gida ina zagaye-zagaye kafin in kai ga maganar aike. Saboda haka na yi rajista a wata cibiyar koyon harsuna a Mohandessin. Sau uku a mako nake shiga ƙananan motocin haya har biyu, in ƙetare kogin Nilu, in isa aji da gumi har cikin takalmi.

Malamarmu Madam Nadiya ce, wata gajeriyar Bamasariya mai tabarau rataye da sarƙa a wuya. Dokarta ita ce, rabin awar farko ba a Larabci a ajinta, ko da ba ka san komai ba. To ranar farko ta yi wata tambaya da Faransanci. Ni dai kalma biyu na tsinta a ciki: "wa" da "Faransa". Nan take ƙwaƙwalwata ta cike sauran, ta ce min tambayar ita ce wa yake son zuwa Faransa. Na ɗaga hannu sama (irin ɗagawar ɗan aji uku na firamare, har da miƙe yatsa). Na waiga, sai na ga ni kaɗai ne a cikin mu goma sha huɗu. A raina na ce, kai, mutanen nan ba su da buri.

Madam Nadiya ta tafa hannu, ta karya dokarta da kanta, ta koma Larabci.

"Ma sha Allah! Yaushe ka je?"

Ka ga dai ƙofa a buɗe. Abin da ya kamata in ce shi ne, ma'alish, yi haƙuri Madam, ban fahimci tambayar ba. A yi 'yar dariya, a wuce. Amma sai na ga fuskoki goma sha uku sun juyo suna kallona da wani irin girmamawa. Tun da na zo Masar, duk wanda ya ji daga inda nake, maganar ƙwallo yake min, ko ya tambaye ni ko da gaske zakuna suna yawo a unguwarmu. Yau ga shi ana kallona a matsayin wanda ya ga duniya.

"Bara waccan," na ji bakina ya faɗa, ba tare da ya yi shawara da ni ba.

"Wane gari?"

Na so in ce Paris, sai na tuna cikin ajin ba a rasa wanda ƙanen babansa yake can. Ina buƙatar garin da babu wanda ya sani. To a kicin ɗinmu akwai wata 'yar kwalba da Laminu yake zuba yaji a ciki, kullum da safe ina kallon rubutun jikinta ina jiran ruwan shayi ya tafasa. Sunan da ke jiki na jefa mata.

"Dijon."

(Yadda na furta shi ma, kamar ina kiran wani makaniki mai suna Jon. Ta gyara min cikin ladabi, ta ce ba komai, har waɗanda suka daɗe a can yana ba su wahala.)

Kafin a tashi daga aji na sami sabon suna: Misyo Dijon, wato Malam Dijon.

Da na koma gida na ba Laminu labari, sai da ya ƙware da waken da yake ci. Ya sha ruwa, ya share hawaye, ya ce, "Kwalbar yaji? Ai ni ma a nan na tarar da ita, wanda ya tashi daga gidan ne ya bar ta. Ni kaina ban taɓa taka Faransa ba." Sannan ya gyara zama ya yi min nasiha. Ya ce wannan riwaya tawa ba ta da isnadi ko na rauni, ƙirƙirarriya ce tsantsa, gara in je gobe in janye ta tun ba ta yaɗu ba.

Na ce in sha Allahu gobe. Goben nan sai da ta yi wata takwas.

Maimakon in janye, sai na tafi kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, na yi ta tono har na sami wani littafin jagoran baƙi na Faransanci wanda bangonsa ya cire, mai babi guda cur a kan Dijon. Na zo na zauna da shi da ƙamus. A nan na gano cewa garin nawa ba ƙaramin gari ba ne. Shi ne babban birnin yankin Burgundi (mako guda na yi ina rikita shi da Burundi, har na fara mamakin yadda ake sanyi a can). A zamanin da, sarakunan yankin sun yi ƙarfi da dukiya har suna ja da sarkin Faransa kansa. Fadarsu tana nan a tsakiyar gari, wani sashe ya zama ofishin hukumar birni, wani ya zama gidan tarihi. A ciki akwai kaburburan sarakunan, an zagaye su da ƙananan mutum-mutumi na masu makoki, kowa da irin kukansa, wani ma ya ja mayafi ya rufe fuska gaba ɗaya. Akwai doguwar hasumiya mai matakala ɗari uku da 'yan kai. Rufin wasu tsofaffin gidajen kuwa an jera shi da tayil masu sheƙi, kore da rawaya da baƙi, kamar saƙar faifai. Ga burodin zuma mai kayan ƙamshi. Ga kuma mastad, wani kwaɓi rawaya da ake ci da nama, wanda ya fitar da sunan garin duniya, har ya kawo kwalbarsa kicin ɗinmu. Larabawa khardal suke ce masa. A karatu na sha haɗuwa da sunan ƙwayarsa, amma harshena bai taɓa haɗuwa da shi ba.

In gaya maka gaskiya, na kamu da son garin. Kuma Faransancina ya riƙa gudu, domin wanda yake ƙarya dole kullum ya riga masu tambaya da shafi ɗaya. Akwai wani ɗan ajinmu, Tarik, mai sayar da magani, wanda ba ya rabo da tambaya. Yau ya ce ya sanyin garin, gobe ya ce a ina na sauka. Da ya matsa min sai na haifi wani kawu, na sa masa suna Kawu Sule, na ba shi shagon gyaran takalmi kusa da tashar jirgin ƙasa. (Allah Ya ji ƙan Kawu Sule. Da tambayoyi suka yi yawa a kansa, mayar da shi Najeriya na yi saboda ciwon ƙafa.)

A duk babin nan, labarin da ya fi shiga raina shi ne na mai ƙararrawa. Ga yadda na fahimce shi. A saman wani tsohon coci na garin akwai wani mutum, da lofe a bakinsa da guduma a hannu, aikinsa shi ne buga ƙararrawa duk bayan awa guda. Wani sarkin Burgundi ne ya ci wani gari da yaƙi, ya kwaso agogon garin da ƙararrawar da mai buga ta, ya kawo su Dijon a matsayin ganima. Mutumin ya daɗe shi kaɗai a sama, har mutanen gari suka ji tausayin gwaurancinsa suka yi masa mata. Aka zauna shiru babu haihuwa, aka fara yi musu ba'a, can sai ga ɗa namiji, daga baya kuma ga mace. Yanzu iyayen suna buga awa, yaran suna buga ƙananan ƙararrawa a tsakani.

Wannan labari ya burge ni. Na ce ashe Turawa ma sun san darajar aurar da gwauro. Na lura cewa yaƙin ya yi ɗaruruwan shekaru, amma ban ga matsala ba. Ai sarautar gado ce, kamar ta Sarkin Tambura, uba ya mutu ɗa ya hau. Akwai hoto a littafin, ɗan ƙarami, baƙi da fari, an ɗauko shi daga nesa. Inuwar mutum huɗu na gani a cikin wani keji na ƙarfe, can ƙololuwa, babu ko rufin kirki. Har tausayinsu na ji.

Kalma ɗaya ce a shafin ban sani ba, kuma ta fito kusan sau huɗu: "otomat". Ƙamus yana gefena, hannu kawai zan miƙa. Sai na ce haba, wannan ai a fili take, 'yar'uwar otomatik ce, irin motar da ke sa giya da kanta. Wato mutumin ba sai an tuna masa aikinsa ba. Mai himma kenan. Na wuce abina.

Da ƙarshen zango ya matso, Madam Nadiya ta sanar cewa za a yi taron rufe aji, kowa zai yi jawabin minti biyar da Faransanci. Bayan an tashi ta tsayar da ni. Ta ce Ustaz Magdi, manajan kamfanin nan na marasa lafiya, zai zo, yana neman tafinta ɗaya. Sunan mutum biyu ta ba shi: nawa da na Ikhlas, wata Bahaushiyar Sudan da ke zaune a unguwar Hayyin Ashir, yarinya mai shiru-shiru wadda ba ta rabo da ƙamus.

"Kai a kan Dijon za ka yi magana, ba sai na faɗa ba," in ji ta. "Kuma na shirya maka wani abin mamaki."

Na ɗauka takardar yabo ce.

Kwana uku na yi ina rubuta jawabi. Laminu ya leƙo ya ce, "Ustaz, kawo in duba maka riwayar nan kafin ka hau mumbari."

"Bar shi kawai, matanin ya inganta."

"Matani ba isnadi?"

"Khalas, ya isa, Laminu. Ka taɓa zuwa Dijon ne?"

Ya kalle ni. Ya ce shi dai zai zo taron, don yana son ya ga inda motar nan za ta tsaya.

Ranar Alhamis na sha wanka, na sa sabon kaftani ruwan toka, na kafa hula, na fesa turaren Laminu ba da saninsa ba. Muka isa, ɗaki ya cika: ɗalibai, 'yan'uwansu, malaman wasu azuzuwan, ga Ustaz Magdi a layin gaba da ɗan littafin rubutu a cinya. Ina shiga Madam Nadiya ta tarbe ni, fuskarta kamar an yi mata albishir, tana riƙe da hannun wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi.

"Ga abin mamakin! Wannan Madam Kolet ce. A Dijon aka haife ta, a can ta girma. Aure ne ya kawo ta Masar tun tana budurwa."

Tsohuwar ta dafa ƙirji, ta ce da Larabcin Masar tsantsa, "Ɗan garinmu! Na daɗe ban ga wanda ya taka ƙasarmu ba."

Na waiga wajen Laminu, ya ɗaga min gira, ya nemi kujera a can baya ya zauna ya harɗe ƙafa, kamar wanda ya zo kallon dambe.

Ikhlas ce ta riga ni. Ta yi magana a kan kasuwar unguwarsu, a hankali, ba ado. Sau biyu tana tsayawa tana cewa, "Ku yi haƙuri, ban san wannan kalmar da Faransanci ba," Madam Nadiya ta faɗa mata, ta maimaita, ta ci gaba. A raina na ce, Allah sarki, aikin nan nawa ne.

Aka kira Misyo Dijon. Na tashi, da na fara sai abin ya zauna. Na kawo tarihin sarakunan Burgundi, na shiga fada, na zagaya kaburbura, na kwatanta mai makokin nan da ya rufe fuska. Na ce na hau hasumiyar, na ƙirga matakalar da ƙafafuna, a ta ɗari biyu na fara tuba. Aka yi dariya. Na zo kan wata 'yar mujiya da aka sassaƙa a jikin bangon coci, wadda mutanen garin suke shafawa da hannun hagu suna fatan sa'a, har ta suɗe saboda shafa. Na ce ni dai da na je ban taɓa ta ba, domin a garinmu mujiya ko a kan katanga ta sauka jifa take sha, hannun hagu kuwa ko canji ka miƙa da shi sai an yi maka faɗa, balle a haɗa su biyun a ce sa'a ake nema. Madam Kolet ta yi dariya har da tafi. Da na gama ta cire tabarau ta goge ido, ta ce, "Yaron nan ya mayar da ni gida."

Aka tafa. Ustaz Magdi ya yi rubutu a littafinsa yana gyaɗa kai. Wallahi da na zauna a lokacin, da yanzu wani labarin nake ba ka.

Ina shirin komawa kujera sai tsohuwar ta ɗaga yatsa.

"Tambaya ɗaya, ɗana. Ka ga mai ƙararrawarmu kuwa?"

Tafin nan ne ya bugar da ni. Na dawo tsakiyar fili, na gyara hula.

"Gani, Madam? Ai har gidansa na je."

Ta ɗan karkata kai. "Gidansa?"

"Ƙwarai. Bayan ya sauko daga aiki muka haɗu, ya ja ni gida cin abincin rana. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son yawan magana."

Ɗakin ya yi tsit. Na ɗauka burgewa ce ta kashe musu baki.

"Ba ya son magana," ta maimaita a hankali. Leɓenta na ƙasa ya fara rawa. "Matarsa fa?"

"Ita ta yi girkin. Mace mai haƙuri."

"Me ta dafa maka?"

"Kaza da mastad."

"Yaran suna lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Namijin yana son zama injiniya. Macen dai kunya gare ta, ko kallona ba ta yi ba."

A nan na hango Laminu ya zame a kujera, ya jawo hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Na ɗauka hassada ce. Sai ma na ƙara wuta. Na ce na ba maigidan shawara ya rage shan lofe saboda ƙirjinsa. Sannan na ɗaga murya, na ce ina so in yi amfani da wannan dama in yi kira ga hukumar birnin Dijon, ta dubi Allah ta yi wa iyalin nan rufi, domin bai dace a ce mutum da matarsa da ƙananan yara suna aiki a cikin keji, ruwa a kansu, sanyi a kansu, a ƙasar da ke yawan maganar haƙƙin ɗan Adam ba.

Madam Kolet ta fashe. Ba dariyar tsofaffi ba, irin wadda mutum yake kama ciki yana neman iska. Ta yi ta laluben jakarta, da ƙyar ta zaro wasu katunan hoto da ta zo da su don rabawa, ta zaɓi ɗaya ta miƙo min. Hoto ne mai kala, an ɗauka daga kusa. Ga maigidan da lofensa. Ga uwargida. Ga injiniya. Ga mai kunya. Dukansu baƙin ƙarfe ne, har da ƙusoshi a gwiwar hannu.

"Habibi," in ji ta, da Larabci yadda kowa zai ji, tana share hawaye, "mutum-mutumi ne. Na'urar agogo ce take motsa su. Shi uban da agogon aka kwaso shi. Matar sai bayan wasu ɗaruruwan shekaru aka ƙera masa ita, saboda mutanen garinmu akwai barkwanci. Yaran ma maƙera ne suka haife su."

Sai muryar Tarik daga tsakiyar ɗaki, da gaskensa yake tambaya:

"Ya basha, ranka ya daɗe, to kazar fa?"

Ɗakin ya rushe. Wata mata da ban sani ba ta fita da gudu tana riƙe da baki. Wani malami ya kifa kai a kan tebur yana dukansa. Laminu kuwa ya bar kujera gaba ɗaya, yana durƙushe a ƙasa. Ni ina tsaye da kati a hannu, ina kallon mutanen da suka karɓi baƙuncina, ina roƙon Allah Ya sa a ɗauke wuta (a bazarar nan kullum sai an ɗauke, amma ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba).

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba: Madam Nadiya. Ta tsaya riƙe da sarƙar tabaranta tana kallona. Wata takwas tana nuna ni ga sauran malamai, ta ɗauko tsohuwa tun daga gidanta saboda ni. Wannan kallon ya fi dariyar ciwo. Na ajiye Faransanci gefe, na faɗi gaskiya da Larabci, tun daga tambayar da ban fahimta ba, har kwalbar yaji, har Kawu Sule. Na ce ban taɓa zuwa Faransa ba, jirgin da na taɓa hawa a duniya shi ne wanda ya kawo ni nan. Na ba ta haƙuri, na ba Madam Kolet. Madam Nadiya ta gyaɗa kai kawai, ta kira mai jawabi na gaba.

Ka ɗauka an gama ko? Saura.

Bayan taro aka buɗe teburin ciye-ciye. Madam Kolet ta kawo burodin zumar garinsu da ta gasa da kanta, da wani abu rawaya a ɗan kwano, an ajiye shi kusa da yankakken nama. Na laɓe a ƙarshen tebur don kada in haɗa ido da kowa. Don dai hannuna ya sami abin yi, na ɗauki yanka ɗaya na burodin, na ga abin kwanon ya yi kama da tunkuzar da aka dama da zuma, na cika cokali na shafa da kauri, na tura duka a baki.

Jama'a, ashe shi ne mastad ɗin. Ba kamar barkono yake ba, da zai tsaya a harshe ku yi ta ta ƙare. Wannan ta hanci yake bi, ya haura tsakiyar kai, ya leƙo ta ido. Numfashina ya tsaya. Hawaye suka ɓalle min shaaa, hanci ya biyo baya. Ga mutane, ba halin tofarwa.

Madam Kolet ce ta fara gani. Ta taho da sauri tana cewa, "La, la, la, ya ibni, ɗana, ma'alish! Kada ka yi kuka, ai ba kisan kai ka yi ba!" Ta miƙo min hankici. Na so in yi bayani, murya ta ƙi fita, sai wani sauti kamar na ɗan akuya. Madam Nadiya ta zo ta tsaya, ta ga ƙato da gemu yana zubar da hawaye har kan kaftani, sai fuskarta ta saki. Ta ce, "Khalas, ya wuce. Tunda har abin ya dame ka haka, na yafe." Na gyaɗa kai ina shessheƙa. (Allah Ya yafe min, ban gyara musu fahimta ba. Nadamar dai akwai ta da gaske, hawayen ne na aro.)

Da na dawo hayyacina, Ustaz Magdi ya ja ni gefe. Mutum ne mai magana a hankali. Ya ce Faransancina ya fi na kowa a ajin, kuma ƙaryar zuwa Faransa ba ita ta fi damunsa ba, yarinta ce. Ya tambaye ni yadda aka yi na mayar da ƙarfe mutum. Na gaya masa kalmar da na tsallake.

"Ƙamus yana kusa da kai?"

"Yana kusa."

"To ka ga, aikinmu tsakanin likita da marar lafiya ne. Likita zai faɗi kalmar da ba ka sani ba, tsoho yana kwance yana kallon bakinka. In ka cike gurbin da kaza, wani zai koma gida a akwati." Ya dafa kafaɗata. "Yarinyar can sau biyu ta ce ba ta sani ba. Ita nake nema."

Ikhlas ta sami aikin, kuma ta cancanta. A mota muna komawa, Laminu ya yi ƙoƙari, ya yi shiru har muka hau gada. Can ya juyo da fuskar tausayi ya ce, "Ustaz, tsakani da Allah, da za ka tafi, sun raka ka bakin ƙofa?" Ya fashe da dariya, sai da direba ya waigo ya tambaya ko lafiya.

Kafin sallar Juma'a labari ya zagaye ɗaliban Hay el-Sabi' kaf. Amma shi labari in zai yi tafiya mai nisa, ba duka yake isa ba. Bayan mako biyu Innarmu ta bugo waya daga gida, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Ashe Faransa ka je ba ka faɗa min ba? Ɗan gidan Malam Habu da ya dawo hutu ya ce har gidan wani babban mutum aka kai ka, aka yanka maka kaza."

"Inna, ba haka aka yi ba..."

"Ni ba tsaraba nake nema ba. Amma mutane sun karrama ka, ka kira ka yi musu godiya kuwa? Ka ba ni lambar matar in gode mata da kaina, kada a ce ba ka da iyaye."

Rabin awa na yi ina bayani. Da ta gane, sai ta ce, "To Allah Ya shirya. Karatun addinin kenan?" ta kashe waya.

Na koma aji zango na gaba, na zauna a layin gaba da ƙamus a buɗe, na zama mutumin da ya fi kowa cewa "Madam, ban gane ba." Abin da na koya dai shi ne, "ban sani ba" kalma uku ce kacal, ba ta kai minti biyar ana tafa maka daɗi ba, amma ba a taɓa durƙusawa ƙasa ana yi wa mai faɗinta dariya ba. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta yi, har biyu, mace da namiji. Sai dai duk na ƙarfe ne.